Abin da Ya Sa Ba a Raba Lemo a Bikin Asma'u Ba

Na ba ku labarin ƙuruciyata a Fulatan, na ba ku na zuwana gidan mahaifinku a Unguwar Hajji, duk ban ji nauyin alƙalami ba. Wannan kuwa na daɗe ina kewaye shi. Har yau idan dangi suka taru aka zo maganar biki, sai wata ta yi murmushi ta ce kada dai a yi musu irin na Asma'u, a yi dariya, ni ma in taya su. Ku ukun, Babangida da Asma'u da Bashir, kun tashi kuna jin ana cewa ni na hana a raba lemo a bikin nan saboda riƙon hannu irin nawa, mahaifinku kuma ya bi ni don ba ya son hayaniya. Ba haka aka yi ba. Tunda Allah Ya karɓi abinSa, kuma shi da bakinsa ya sake ni daga alkawarin da na ɗaukar masa, bari in faɗa muku yadda abin ya faru.

A Fulatan inda na tashi, lemon kwalba abin kallo ne. Sai wani ya dawo daga birni, ko ranar salla, a buɗe guda ɗaya a zagaya da ita, kowa ya kurɓa, iskar ta hau masa hanci ya yi atishawa, mu yi ta dariya. Baƙo kuwa ruwan randa ake fara kawo masa, sannan a dama masa fura, in damina ce a gasa masa masara. Da na zo gidan nan ma haka na tarar. Abin ya sauya ne bayan mahaifinku ya kafa injin niƙansa a bakin kasuwar Karaye, Allah Ya sa masa albarka, muka sayi firji. Daga nan sai ya zama mutuncin gida shi ne baƙo ya zauna a dire masa kwalba mai raɓa a kan faranti, da kofi a kife. Ba mu kaɗai ba ne, duk unguwar haka ta koma. Wadda ta kawo wa baƙuwa ruwa kawai, sai a fita ana cewa ko dai abubuwa sun ja baya a gidan. Ni kaina ina jin daɗin abin. Ina son in ji ƙarar buɗe kwalba a tsakar gidana, in ga baƙuwa ta gyara zama.

Mahaifinku kuwa aikinsa ne ya ja shi. Kun san ɗakin injin nan, kwano a sama, zafin inji a ƙasa, ga ƙurar gari tana shiga maƙogwaro tun safe har la'asar. Jikin shagonsa akwai mai kanti da ke ajiye lemo cikin ƙanƙara. Tun yana shan ɗaya bayan abincin rana, har ya zama da shi yake karyawa da burodi, da shi yake kora tuwo, idan abokin ciniki ya zo kuma a buɗe biyu. Da azumi, kafin ya kai dabino baki idonsa na kan firji. Ba ya shan taba, goro ma sai jefi-jefi, don haka idan na yi magana sai ya ce:

"Rabi, ɗan abin da nake morewa ke nan a duniya. Shi ma kin sa masa ido?"

Sai in bar maganar, don nawa lemon na nan ajiye a gefe.

A shekarar da aka sa ranar auren Asma'u ne na fara ganin abin da ban gane ba. Mutumin da yake da jiki, har sai da tela ya ƙara wa rigunansa faɗi, sai ga shi yana zubewa alhali cinsa bai ragu ba. Ƙishirwa ba ta barinsa. Ya sha ruwa, ya sha lemo, kafin ya ajiye kofin ya ce bakinsa ya bushe. Buta ba ta hutawa. Ina share bayan gida da safe sai in ga kiyashi sun yi layi a inda bai kamata su taru ba. Sannan da aka yi girbi ya je gonarmu ta Tudun Kaya, tushiyar dawa ta soke shi a gefen ƙafa. Ɗan ciwo ne da yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Aka ɗebe amfanin gona, aka casa, aka zuba a rumbu, ciwon nan yana nan yana ruwa. Inna, kakarku, wadda a lokacin take zaune tare da mu, ta sa aka daka ganyaye iri-iri aka ɗaura masa, ba abin da ya sauya. Sai da ya kasa sa takalmi sannan ya yarda muka je asibiti.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta duba shi, dattijuwa mai sanyin magana. Ta kalli ƙafar, ta yi masa tambayoyi, ta ce mu dawo washegari kada ya karya. Da muka koma ta huda masa yatsa, ta ɗiga jinin a wani ɗan abu, ta duba, ta sake dubawa. Likita ya gan shi ya rubuta magani, amma ita ce ta zaunar da mu ta yi mana bayani.

"Malam, ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Shi ya hana ciwon nan warkewa. Me kake sha idan ƙishirwar ta taso?"

Ya faɗa mata, yana ɗan rage lissafin. Ta dube ni, na sunkuyar da kai, ta gane.

"Ba zan ce maka lemo kaɗai ne ya jawo ba," in ji ta. "Akwai gado, akwai shekaru, akwai yanayin jiki. Amma sukarin da ke cikin kwalba ɗaya, da za a tsame shi a zuba maka a tafin hannu a ce ka hambaɗa, ba za ka iya ba. Sanyin da iskar su ke ɓoye shi. Kana sha don ƙishirwa, shi kuma yana ƙara maka ita. In aka ci gaba a haka, ciwon nan ƙafa yake ci, yana taɓa ido, yana taɓa ƙoda. In ka kiyaye bakinka ka riƙe maganinka, da yardar Allah za ka daɗe kana harkarka."

Ta juyo wajena ta tambayi ko akwai yara a gida. Na ce akwai, autanmu ma bai daɗe da fama da ciwon haƙori ba. Ta ce to in duba abin da yake sha. Ta kuma ja mini kunne cewa kada in ce na bar lemo in koma antaya sukari a zoɓo da kunu, don duk tafiyar ɗaya ce.

Muka kamo hanyar komawa a kan babur. Sai da muka kusa gida ya ratse gindin wata darbejiya ya kashe mashin. Bai juyo ba, yana kallon gabansa ya yi magana.

"Kin ji ta ce gado."

Na ce na ji.

"An sa ranar yarinyar nan. Kin san dangin angon, mutanen Rogo, da bincike, kin san uwar yaron. Idan aka ji, za a ce gidan masu ciwo ne, za a ce za ta kai musu shi cikin zuri'a. Ki yi mini alkawari babu wanda zai ji. Ko Inna. Ko yaran."

Na ce masa mutane da yawa suna da ciwon nan, ba abin kunya ba ne. Ya ce ya sani, amma in yi masa alkawarin. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Na yi masa.

Maganinsa a cikin kwallata ta ƙarƙashi na riƙa ɓoye shi. Mutanen gida kuma na ce musu likita ya ce a rage zaƙi saboda ƙafar, wanda ba ƙarya ba ne, sai dai ba duka gaskiyar ba ce. Inna ta dube ni sheƙeƙe.

"Ciwon ƙafa me ya haɗa shi da abin da ke shiga baki? Ku dai 'yan zamani ba ku rasa magana."

Ita baƙin lemon nan take so, ta ce yana kwantar mata da ciki. Da farko ban yanke gaba ɗaya ba. Na ce sai ranar Juma'a za a sha. Daga baya na ce a ajiye na baƙi kawai. Amma na lura duk kwalbar da aka ajiye don baƙo, ba ta jiran baƙon. Mutum yana fama da ransa, ga abin yana kallonsa duk lokacin da ya buɗe firji zai ɗauki ruwa, yaya za a yi ya iya? Sai na kwashe kiret ɗin na mayar, na ce gidan nan an daina, har ni. Ban san ya kama ni haka ba sai da na bari. Kwanakin farko kaina ya riƙa sarawa da rana, ina jin kasala, abu kaɗan ya ba ni haushi. Tuwo ya wuce amma bakina yana neman wani abu. Bashir, kai kam fushi ka yi da ni sosai, ka daina gaishe ni da fara'a, kana cewa gidanmu ya koma gidan da. Na cika firjin da ruwa da kankana da zoɓon da na dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ba sukari sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar farko babu wanda ya sha sai ni.

Gida ya gyaru, amma kasuwa ba a hannuna take ba. Mai kantin nan ya saba, da rana ta take sai ya miƙo kwalba ba tare da an tambaya ba, mahaifinku kuma ba ya son ya ƙi a tambaye shi dalili. Ko kuma dai yana so ne, Allah Ya jiƙansa. Yakan dawo yana yi mini hira, ni kuwa ina ganin launin abin a harshensa. Na san halinsa, idan aka matsa masa sai ya ƙara kafewa. Na dai riƙa haɗa masa abincin rana da kular zoɓo mai sanyi. Kullum kular ta dawo yadda ta tafi. Da na tambaya sai ya ce:

"Wannan ai magani ne kika dafa, ba abin sha ba."

Ƙafar ta ɗan yi sauƙi saboda maganin asibiti, sannan ta tsaya, ba gaba ba baya.

Kun san al'adarsa. Idan ya dawo daga sallar asuba, da gari ya yi haske, sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakinsa ya buɗe Alƙur'ani ya yi karatu kafin ya tafi inji. Tun da na zo gidan nan da wannan muryar nake hura wuta. Wata safiya ina dama koko sai na ji karatun yana tsinkewa. Ya ja, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Na leƙo na gan shi yana nesanta littafin da fuskarsa, yana matso da shi, yana murza ido da bayan hannu. Can ya kira ni. Na zo na durƙusa. Ya ɗora yatsa a kan shafin.

"Kina da alwala? Karanta mini daga nan. Baƙin ya haɗe mini."

Ni da ban taɓa karatu a gabansa ba, don nawa bai kai nasa ba ko kusa. Na karɓa, na fara ja a hankali ina tuntuɓe, shi kuma yana gyara mini da ka, idonsa a rufe. Muka kai ƙarshen shafin. Da na ɗago sai na ga gemunsa ya jiƙe. Kokona kuwa ya yi gudaji a can, babu wanda ya tuna da shi.

"Rabi," in ji shi, "in ƙafa ce, zan iya haƙura. Wannan ba zan iya ba."

Ranar da yamma kular ta dawo babu komai a ciki. Ban tambaye shi abin da ya gaya wa mai kanti ba, shi ma bai faɗa ba. Muka koma asibiti aka gyara masa magani, aka ce hawan sugan ne ya sa ganin ya dushe, kuma an yi sa'a an zo da wuri. Sannu a hankali hazon ya riƙa washewa. Ciwon ƙafar ya kame, ya bushe, ya bar tabo. Ya fara tafiya inji da ƙafa maimakon babur. Wata rana ya kurɓi shayin da aka haɗa wa Bashir ya yamutsa fuska, ya ce yaya mutum zai sha wannan zaƙin, muka yi dariya har Inna tana tambayar abin da ya faru.

Muna cikin wannan sauƙin biki ya matso. Gwaggonku Talatu, yayar mahaifinku da ke aure a Rogo, ta zo don a tsara hidima. Ita ce ta haɗa auren tun farko, don haka mutuncinta yana ciki. Ta zauna tana jero abin da za a tanada, ta zo kan lemo: na wurin ɗaurin aure, na yinin mata, na dangin ango, na 'yan kai amarya. Na ce mata to, bari Malam ya dawo. A raina ban ga wata matsala ba. Da ya dawo na same shi a ɗaki na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce:

"Ba za a saya ba."

Na ce, "Malam, biki ne fa. Yini ɗaya ne. Ba kai za ka sha ba."

"Na sani. Amma abin da ya kusa raba ni da idona, ba zan tara 'ya'yan mutane a ƙofar gidana in raba musu shi da hannuna ba. A dafa abin da muke sha, a yi shi da yawa, a yi shi da kyau."

"Yarinyar nan za a yi wa gori. Can za ta zauna, ba nan ba."

"Za a yi a gama."

"To ka faɗa musu dalili."

"Kin san ba zan faɗa ba."

"To wa zai ɗauki maganar?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon tabon ƙafarsa. Na gane amsar. Ku sani, ni ce na roƙa a sayi lemon nan, har sau nawa ban sani ba, kuma har yau ina ganin yini ɗaya da bai kashe kowa ba. Amma mahaifinku idan ya bar abu, barinsa yake yi gaba ɗaya, ba ya iya rabi. Ina jin kuma yana tsoron kansa, kada ya ga kiret jibge a zaure ya koma inda ya fito. Na auna ɓacin ran biki da lafiyar mutumin da na ga yana kuka a kan buzu, na zaɓa.

Na fito na sami Gwaggo Talatu na ce mata, "Yaya, lemon nan ni dai na ce a bar shi. Za mu yi zoɓo da kunun aya."

Ta saki baki tana kallona.

"Ke Rabi, lafiyarki kuwa? Injin ne ya mutu ko me? In babu ne ki faɗa, ni zan saya, ba za a kunyata ni a garin da nake aure ba."

Na ce akwai, ra'ayi ne kawai. Ta tashi ta shiga wajen ƙaninta tana faɗa. Ina tsakar gida na ji abin da ya ce mata.

"Yaya, abin da uwar yarinya ta ce, shi ke nan."

Na san dole ya faɗi haka, mun riga mun gama magana. Duk da haka sai da na shiga madafa na zauna na ɗan jima kafin na iya fitowa.

Ba mu yi ƙwauron komai ba a bikin nan, ku ma shaida ne. An yanka abin yankawa, shinkafa har maƙwabta sai da suka ture. 'Yan'uwana suka zo daga Fulatan muka jiƙa aya, muka markaɗa ta da dabino da kwakwa, muka dafa zoɓo a manyan tukwane, muka yi na tsamiya da na citta, aka sayo ƙanƙara aka zuba a cikin manyan robobi. Maza a wurin ɗaurin aure suka sha suka yi addu'a suka watse, ban ji wanda ya ce uffan ba. Wajen mata ne abin ya tashi. Dangin ango suka iso daga Rogo da kwalliyarsu, aka shimfiɗa musu tabarmi, aka jera musu abinci da jarkoki. Wata daga cikinsu ta ɗaga murfin jarka ta leƙa, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Wannan na share fage ne ko? Ina na kwalbar?"

Aka yi dariya. Gwaggo Talatu ta nuna ni da haɓa ta ce a tambayi uwar amarya. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da zuba miya. Abin da na lura da shi dai, jarkokin nan babu wadda ta koma da ko ɗigo. Amma wannan bai hana maganar tafiya ba. Da yamma da aka kawo mini Asma'u mu yi sallama, tana kuka a cikin mayafi. Kowace amarya tana kuka, amma ni na haife ta, na san wannan kukan akwai wani abu a cikinsa. Na riƙe hannunta, ba ta riƙe nawa ba.

A Rogo suna suka sa mata, amaryar zoɓo. Na ji a bakin mutane. Facalolinta idan za su tsokane ta, sai su ce a kawo wa amarya abin da ta saba da shi. Gwaggo Talatu ta daɗe ba ta taka gidan nan ba, in mun haɗu a suna ko gaisuwa sai ta amsa mini a taƙaice. Inna ce kawai, da ta ga ɗanta ya murmure yana tafiya garau, wata rana ta ce mini ba tare da na tambaye ta ba:

"Ke dai akwai abin da kika sani. Ba zan tambaye ki ba."

Ta miƙo kofinta na zuba mata zoɓo.

Da Asma'u ta zo goyon cikinta na fari, wata la'asar muna zaune muna ɓarar gyaɗa, mu biyu kawai. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Umma, me na yi miki?"

Na ce, "Ba ki yi mini komai ba."

"To me ya sa? Bikin kowa an yi, sai nawa. Baba ba zai hana ba, na san shi. Har yau ana faɗa mini."

Maganar ta zo mini har baki. Na dubi ƙofar ɗakin mahaifinku, labule a sake, takalmansa a waje. Na jira ko labulen zai motsa. Bai motsa ba.

Na ce, "Haka na ga ya dace."

Ta tattara ɓawon da ke cinyarta ta zubar, ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki. Bayan magariba da na kai wa mahaifinku abinci, ya ce mini ya ji. Na ce na san ya ji. Ya ce in ƙara masa haƙuri. Na ajiye kwanon na fita, kuma ranar ce kaɗai a zamanmu da ban tsaya na ga ya fara ci ba.

Allah Ya ba shi shekaru masu yawa bayan nan. Da ƙafafunsa biyu ya riƙa zuwa Tudun Kaya, da idonsa ya ga 'ya'yanku, ya yi musu huɗuba, daga baya da tabarau amma yana karatunsa. Kun ga yana shan magani, kuka ɗauka na hawan jini ne, muka bar ku a haka. Gidan nan kuma bai koma ba. Baƙi suka saba, har wasu in sun zo sai su ce a kawo musu irin na Hajiya. Ni kaina nauyin jikin da nake ji da ciwon gwiwa sun ragu, Bashir bai sake kwana da haƙori ba. A jinyarsa ta ƙarshe, wata safiya bayan na goge masa fuska, ya riƙe gefen zanena.

"Ki faɗa musu. Da aka ɗaura auren ai babu sauran dalili. Kunya ce kawai ta hana ni, na ga an riga an ɗora miki, na rasa ta inda zan fara. Ki yafe mini. Ki fara da Asma'u."

Na ce na yafe tun tuni, kuma gaskiya na faɗa.

Ban rubuta wannan don ku ga laifinsa ba. Mutum ne da ya ji tsoro saboda 'yarsa, sannan ya yi abin da maza da yawa suka kasa, ya bar abin da ransa yake so. Ban kuma rubuta don a wanke ni a wajen dangi ba, waɗanda suka fi yin maganar ma yawancinsu sun riga mu. Na rubuta ne don kalmar nan da ta tsorata shi a gindin darbejiya, gado. Gwaggonku Talatu yanzu da shi take fama, an gano shi a makare, sai an riƙe mata hannu take fita. Jininsu ɗaya da ku. Babangida, ran nan da ka kai ni gaisuwa na ga robobin lemon da ke birgima a ƙarƙashin kujerar motarka, na kuma ga sau nawa ka tsaya a hanya ka kama ruwa. Bashir, 'yarka ko yaye ba a yi mata ba na ga ana ɗura mata lemo a baki don ta yi shiru. Ban ce kada ku taɓa sha har abada ba, ni ba mahaifinku ba ce, ina iya rabi. Amma ku mayar da shi abin wata rana, kada ya zama ruwan shanku.

Na riga na aika wa kowannenku cewa ranar Litinin ina son ku ukun a gidan nan da sassafe, kada kowa ya karya. Zan sa mayafina in jira ku a zaure, mu je asibiti tare a duba ku, ni ma a duba ni. In mun dawo akwai ƙosai da kunun gyaɗa. Ke kuwa Asma'u, na aika miki ki nemi izinin mijinki ki zo tun Lahadi ki kwana. Babu wanda zai karanta wannan sai na zaunar da ke na faɗa miki da bakina. Mahaifinki ya ce da ke zan fara.